Murfin Roba a Aljihun Rowan

Ranar da Rowan ya fara haɗuwa da Tegan, takalmanta ya soma gani. Tana kwance ƙarƙashin wata tirela a garejin babanta da ke Broken Hill, ƙafafu a waje, tana zagin wani noti da ya ƙi kwancewa.

Ya yi gyaran murya. Ta zamo ta fito, giris a kumatunta, sifana a hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da zuwa. Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace," in ji shi. "Tirela na saya ta hannu, irin wadda ake buɗewa ta zama tanti. Mai ita zai kawo ta nan gobe. Mahaɗinta nake so a canza, ƙarfen da ke haɗa ta da mota."

Ta kai shi gaban kantar shagon, ta ajiye masa ƙarfe biyu.

"Wannan mai ƙwallon na titin kwalta ne. Ka shiga rafi da shi, mota ta karkata hagu, tirela ta karkata dama, ko ya fizge ko ya kifar da ku duka. Wannan kuwa yana juyawa ta ko'ina kamar wuyan hannu. Shi ne na daji." Sai ta ɗago ido. "Ka taɓa jan tirela a daji?"

To, a nan ne Rowan ya jawo wa kansa. Malamin lissafi ne, wata huɗu da turo shi daga Sydney, ko baro bai taɓa turawa ba. Amma idanun nan suna kansa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"A gonar kawuna na tashi, wajen Bourke. Tun ina shekara goma sha biyu nake jan tirela."

Kawun dai akwai shi, gonar ma tana nan. Sati ɗaya Rowan ya taɓa yi a can yana ɗan shekara tara, kuma da kuka aka dawo da shi saboda tsoron rago.

"Ashe ɗan gida ne," ta ce, ta yi murmushin da ya sa ya manta inda ya ajiye motarsa.

Asabar huɗu a jere yana zuwa zaɓen mahaɗi. A ta huɗun, ko gida bai kai ba saƙo ya shigo wayarsa.

"Malam Lissafi, mahaɗi biyu ne kacal a shagonmu, kai kuma wata guda kana zaɓe. In ni kake zuwa gani ka faɗa, in riƙa wanke fuska."

Ya tsaya gefen titi ya rubuta, yana taƙaita sunanta:

"Kar ki wanke, Tig. Da giris ɗin na gan ki, da shi nake son ki."

Daga nan soyayya ta kankama. Da yamma sukan hau tudun ƙasar ma'adinai da ya raba garin biyu, su zauna suna shan madara mai sanyi, tana ba shi labarin hanyoyin da ta bi da babanta. Duk sanda ta ce, "Kai ma ai ka san yadda abin yake," sai ya gyaɗa kai. Sau uku ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, sau uku ya ɓuge da yabon gashinta.

Babanta, Kelvin Hartigan, wanda kowa ke kira Kel, bai ɓoye ra'ayinsa ba. Tun rasuwar matarsa Tegan ce kaɗai ta rage masa, ita ce 'ya, ita ce abokiyar aiki. A gaban Rowan ya faɗa, ko kallonsa bai yi ba.

"Malamai shekara biyu suke yi a garin nan. Su zo da takalmi mai tsabta, su koma da 'ya'yan mutane. Ga Brody nan, yaron da na sani tun yana rarrafe, me ya rasa?"

Brody makanike ne a mahaƙar ma'adinai, ƙato mai faɗin kafaɗa, kullum yana jingine da ƙofar garejin kamar an biya shi gadi.

"Baba, Rowan ba irin waɗancan ba ne," in ji Tegan. "A gona ya tashi. Ya san daji kamar mu."

Rowan ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ƙaryar da ya yi don a yi masa murmushi, yau ita ce katangar da Tegan ta jingina da ita a gaban ubanta.

"To, madalla," in ji Kel. "Ya biyo mu rafi hutun Ista, mu gani."

A garejin akwai doka, Kel ya rubuta ta da jan fenti a bango: mahaɗi ba ya barin shago sai mai saye ya ɗora shi ya kulle da hannunsa a gaban mai sayarwa. Ranar da Tegan ta gama ɗaura wa tirelar sabon mahaɗin, ta yafuto Rowan.

"Zo ka kulle in gani, masoyi. Doka ce."

Brody ya yi dariya daga bakin ƙofa. "Haba, Tegan. Ɗan gonar Bourke za ki koya wa? Ai shi zai koya miki."

Kunnuwan Rowan suka yi zafi. "Bar shi, Tig. Na san irinsa."

Ta kalli bangon, ta kalle shi. Sai ta goge hannu ta ce shi ke nan. A shekara tara da ta yi tana sayar da mahaɗi, shi ne mutum na farko da ta ɗaga wa ƙafa.

Safiyar tafiya kowa yana ta hidimar lodi. Rowan ya jawo tirelar da hannu, ya sauke bakinta a kan sandar ƙarfen da ke bayan motarsa, ta zauna daram. Ya maƙala sarƙoƙi biyu, wannan kam ya ga ana yi. Saura wani murfin roba baƙi da ake rufe saman mahaɗin da shi. Ya danna, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Ya waiga ya ga Brody na kallonsa, sai ya jefa murfin a aljihu, a ransa yana cewa ai na kare ƙura ne kawai.

Abin da bai sani ba, wanda duk ɗan garin ya sani, murfin ba ya shiga sai an tura maɓallin kulle ya ce ƙas. Don haka aka yi shi.

Kan kwalta lafiya lau, nauyin tirelar ya danne ta. Tegan na gefensa ta ɗora ƙafa kan gaban mota tana ɓare masa lemo. Sai da suka kai busasshen rafi, suka gangara cikin yashi, suka fuskanci gaɓar da ke tsaye kamar bango. Kel ya sauka daga motarsa, ya tsaya daga baya yana ba shi umarni ta oba-oba.

"A hankali. Ƙara wuta kaɗan. Haka."

Motar ta haura gaɓa, bayanta ya nutsa, bakin tirelar ya yi sama ya fita daga sandar. Aka ji ƙara mai ƙarfi. Tirelar ta ja baya iyakar tsawon sarƙa, ta wulwulo gefe daidai inda Kel yake tsaye. Tsohon ya yi tsalle ya faɗi kan kafaɗarsa. Tayar ta wuce ta inda ƙafarsa take, tsakaninsu bai kai taku ɗaya ba.

Tegan ta riga kowa isa wurinsa. Kel ya ture hannunta, ya miƙe yana riƙe da kafaɗa, ya tafi kai tsaye ya duƙa kan mahaɗin. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya sayar da wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ya kulle a gabanki?"

Ta kawar da kai.

"Ko dai ɗaurin ne bai yi ba," in ji Brody a hankali. "Kowa yana kuskure, Kel."

Kel bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Shekara tara ina cewa hannunki ya fi nawa. Ranar Talata ki ajiye mini makullin shago a kan tebur."

Tegan ta sunkuyar da kai, ba ta ambaci sunan Rowan ba. Ba wanda ya kalle shi ma. Da ya yi shiru da ya tsira. Hannunsa na cikin aljihu ya damƙe murfin har gumi ya jiƙa shi.

Ya fito da shi ya miƙa.

"Mista Hartigan, ba laifinta. Ta ce in kulle a gabanta, na ce na sani. Ban sani ba. Wannan ya ƙi shiga da safe, na ɓoye shi." Ya dubi Tegan. "Ban tashi a gona ba. Sati ɗaya na taɓa yi a can ina yaro. Yau ce rana ta farko da na ja tirela a rayuwata."

Rowan ya so yashin nan ya buɗe ya haɗiye shi.

Tegan ta tako har gabansa. Idonta ya ciko, amma muryarta ba ta rawa.

"Na tsaya gaban babana na shaide ka, Rowan. Da maganarka na shaide ka."

A motar babanta ta koma gida.

Ya tura mata saƙo washegari:

"Tig, ba ni da hujja. Na so ki gan ni a matsayin wanda ya dace da ke, na kusa kashe miki uba. Ban cancanci amsa ba. Ina dai roƙon ki gaya mini yadda kafaɗarsa take."

Kwana goma sha biyu ba amsa. A garin da kowa ya san kowa, labari ya riga shi zuwa ko'ina. Mai sayar da burodi ta tambaye shi lafiyar kawunsa na Bourke. A aji ya juya zai rubuta a allo, wani ya yi kukan rago daga baya. Ya rame, ya cika takardar neman komawa Sydney, ya ajiye ta a kan firij ya kasa aikawa.

Rana ta goma sha uku wayarsa ta yi ƙara.

"Kafaɗa ta yi sauƙi, makulli ya dawo hannuna. Brody ya zo da fure na ce ya kai wa mamarsa. Asabar ƙarfe takwas. Ka zo a matsayin wanda bai san komai ba, ko kar ka zo."

Ya je. Kamar an yi shela, garejin cike da maza suna gasa nama a bakin ƙofa. A gabansu duka Tegan ta sa shi ya ɗora, ya kulle, ya cire, har hannunsa ya yi kanta. Sannan ta jera tsofaffin tayoyi a fili ta ce ya yi ribas da tirela tsakaninsu. Sau goma sha ɗaya tirelar tana lanƙwashewa ta daki gefen mota, kowane karo sai an tafa masa.

"Ɗan Bourke, hagu ake cewa, ba hagun Sydney ba," in ji Brody.

Rowan ya leƙo ta taga, fuskarsa jawur. "To zo ka nuna mini, don Allah. Ban iya ba."

Brody ya daina dariya. Ƙarshe dai ya ajiye namansa ya zo ya kama masa sitiyari.

Haka aka yi ta yi duk Asabar har sanyi ya wuce. Sunan Ɗan Bourke ya bi shi, ya daina jin zafinsa, ko da yake kunyar ba ta taɓa sakinsa gaba ɗaya ba. Wata rana suna wanke hannu a famfo ɗaya, Tegan ta ce ba tare da ta kalle shi ba, "Wannan malamin da bai iya ribas ba, shi nake so tun farko. Ɗan gonar ne ya shiga tsakaninmu."

Kel kuwa wata bakwai bai ce masa komai ba sai "miƙo sifana". Ranar da Rowan ya je neman aurenta, ya tarar da shi shi kaɗai a ofis yana shan shayi. Kel ya saurare shi har ya gama, sannan ya ajiye kofi.

"Tambaya ɗaya. In shekara biyunka ta cika, za ka tafi da ita?"

Rowan ya san amsar da za ta buɗe masa ƙofa nan take. Tana kan harshensa. Ya kalli tsohon, ya kalli kafaɗar da har yanzu ba ta ɗaguwa sosai.

"Ban sani ba, Mista Hartigan. Na nemi su bar ni a nan, ba su amsa ba. Mahaifiyata tana Sydney, ita ma tana tsufa. Ba zan yi maka alkawarin da ban tabbata zan cika ba."

Kel ya juya kofin a kan tebur.

"Da a da ne, da ka rantse mini," in ji shi. "Kira ni Kel."

An ɗaura auren a watan Oktoba na shekarar da ta biyo baya, a ƙarƙashin itatuwan bakin rafi, rabin garin ya halarta. Brody ne ya yi gashin nama, ya kuma fi kowa cin sa. Da aka gama, Kel ya kama hannun 'yarsa ya sa a cikin na Rowan, ya riƙe su duka biyun da hannayensa masu kaushi.

"Ita kaɗai gare ni, ɗana. Ka tafi da ita duk inda ta yarda ta bi ka."

Tegan ta faɗa ƙirjin babanta tana kuka. Rowan ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan takalminsa.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma ja kwanan tsohon ya ga jikokinsa.