Likitar Kashin Kasowari

Ranar da Enzo Sorbello ya fara ganin Narelle, tsugune take a bakin gonar ayabarsu, hannunta dumu-dumu cikin kashin kasowari, jiminar dajin nan mai shuɗin wuya. Ƙudaje sun yi wa tulin rumfa. Enzo, wanda ko ƙarnin kifi ba ya iya jurewa, ya toshe hanci.

"Baiwar Allah, lafiyarki kuwa?"

Ta ɗago da murmushi, ta nuna masa wani ƙwallo mai yauƙi. "Wannan irin ba ya tsirowa da kyau sai ya bi ta cikin tsuntsun. Riƙe min jakar nan."

Ya riƙe yana kau da kai. Washegari sai ga shi ya dawo, da sabulu da kofi.

Narelle Whitlock masaniyar tsirrai ce. Burinta manoman garin Tully su bar ɗan zirin ƙasa a bakin rafi a dasa itatuwa, tsuntsun ya samu hanya tsakanin dazuzzuka biyu. In ba haka ba motoci za su ƙarar da shi, dajin ma ya bi bayansa.

Ba a jima ba saƙonni suka fara yawo tsakaninsu.

"Nari tawa, na yi kewarki. Amma don Allah ki goge farcenki kafin mu gaisa."

"Sarkin ƙyanƙyami, ni ma na yi kewarka. Ban yi alkawari ba."

Mamma Concetta, mahaifiyarsa, ita ce ba ta ga abin dariya ba. Ran da Narelle ta zo cin abinci aka tambaye ta aikinta, ta kuwa zayyana komai. Mamma ta ture farantin taliyarta.

"Duk 'yan matan garin nan ka rasa ta aure sai likitar kashi? Da wannan hannun za ta murza min fulawa? Tir! Ƙasata kuwa ko taku ɗaya ba zan bayar ba."

Ana cikin haka wani saƙon Narelle ya faɗo wayar Enzo bisa kuskure.

"Gareth, zo bakin rafi yanzu. Ina jiranka, kada ka bari ya huce."

Dakta Gareth Pym abokin bincikenta ne daga birnin Brisbane, mai ƙamshin turare, wanda ya daɗe yana zagayenta. Enzo ya figi mota, ransa a ɓace. Ga abin da ya tarar: Narelle na tonon sabon tuli yana tururi, Gareth can nesa da hankici a hanci, yana ɗaukar hoto. Kunya ta rufe shi.

"Zargina ka yi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. Ta daina amsa wayarsa.

Gareth ya ga hanya ta buɗe. Ya je wurin Mamma, ya zauna a teburinta ya sha kofinta, Enzo na jinsu daga kicin.

"Madam, aikin nawa ne, ita tattara min ƙazanta kawai take yi. Ki ba ni zirin da sunana, ni kuma in ɗauke miki ita zuwa Brisbane, ɗanki ya huta."

Mamma ta dube shi kamar ta ga tsutsa a miya.

"Yarinyar da ke yi maka wahala kake ciniki a kan teburina? Tashi ka fita. Kofin ma tafi da shi, ba zan ƙara sha da shi ba."

Da kanta ta taka har bakin rafi, Enzo na biye. Ta kama hannun Narelle a yadda yake, ta yamutsa fuska, amma ba ta saki ba.

"Zirin naki ne. Wannan sakaran ma naki ne, in kin yafe masa."

"Nari, na tuba," in ji Enzo.

"Zan duba," ta ce, idonta cike da hawaye.

Da Mamma ta bayar, maƙwabta suka bi sahu, masana daga wasu jami'o'i suka zo koyon tsarin. Narelle ta raba gari da Gareth.

Ranar ɗaurin auren Enzo da Narelle ruwa ya tsuge kan kwanon cocin har ba a jin muryar fada. Dole ango da amarya suka ɗaga murya kamar masu faɗa.

"Na yarda!"

"Ni ma na yarda!"

Mamma ta rungume su a jiƙe.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, 'ya'yana. Ku ba ni jikoki tun bayana na iya ɗauka."