Sauran Ɓawon Maɗaci

A wani zamani, zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyar wani manomi. Manomin ya ɗauki gatari ya nufi maɗacin da kakansa ya dasa, don ya saro mata sassaƙe. Ya tarar mutane sun saɓule itacen, saura ɓawo kamar faɗin tafin hannu.

Maƙwabcinsa da ke wurin ya ce, "Sara mana. Uwa ta fi itace."

Manomi ya ce, "In na sara, ya mutu. Ba zan sara ba."

Ya yaɓe raunin itacen da laka, ya nausa daji. Ya yi tafiya, ya yi tafiya, har ƙafa ta kumbura, sannan ya sami wani maɗacin, ya sari gefe ɗaya.

Da ya ba mahaifiyarsa labari, ta kurɓi jiƙo ta ce, "Madalla, ɗana. Ka bar wa 'ya'yanka abin da za su jiƙa maka."