Kaset Ɗin Da Babu Suna

"Ajiye hannuwanki a cinya, 'yar nan. A gidan nan wanda bai san kiɗa ba, ba ya tafi."

Abin da Tiya Encarna, mahaifiyar Gaspar, ta faɗa mini ke nan a gaban kowa. Daga baya ta gaya wa ɗanta ba zai auro mata yarinyar da kunnenta bai san kiɗan flamenko ba, ko 'yar uban wa ce a Jerez.

Na sha kuka, ba zan ɓoye ba. Sannan na yi zuciya.

Duk Lahadi ina kasuwar gwanjo ina tono tsofaffin fayafayai da kaset, har da littafin koyon bugu wanda ɓera ya ci gefensa.

"Araceli, rabin raina, ɗakinki fa ya zama bola," in ji Gaspar.

Na ce ya shafa mini lafiya.

A cikin tarkacen akwai kaset ɗin da babu suna, wani dattijo mai dusasshiyar murya. Wata takwas ina bin sa da tafi har na haddace numfashinsa.

Ranar baftismar jikar Tiya, bayan abincin rana, aka yi da'ira a tsakar gida. Yolanda, wadda ta daɗe tana harin Gaspar, ta raɗa mini wai in buɗe hannu in buga da ƙarfi, tsohuwa za ta yaba. Munafuka! Ta san idan babba na waƙa, lanƙwasa hannu ake yi a danne tafin, kada a rufe masa murya.

Tiya ta ɗauko waƙa...

Waƙar kaset ɗina ce.

Na lanƙwasa hannu na shiga a hankali. A baiti na uku, inda dattijon ke tsayawa, na tsaya cak. Kowa ya zarce, har Yolanda. Ni da Tiya kaɗai muka yi shiru.

"Wa ya koya miki tsayawar nan?" in ji Tiya.

Na ce wani dattijo ne a kaset. Gaspar ya ruga ya ɗauko, aka kunna.

Tiya ta dafe ƙirji, hawaye na zuba.

"Marigayi mijina ne... Shekara ashirin rabona da muryarsa."

Ta riƙe hannuwana ta sumbace su, ni ma na fashe da kukan daɗi.

"Gaspar, kawo wa surukata kujera nan kusa da ni. Kaset kuwa, 'yata, ya dawo gida."