Mundayen Inna a Gwanjo

"Gwanjo dai gwanjo ne, Salma, ko a cikin waya aka saka shi."

Da wannan maganar Abdulnasir ya tare ni ranar da na gaya masa sana'ar da na kama. Muna zaune a zauren gidanmu a Farin Dutse, ya miƙe ƙafa yana kaɗa makullin babur, yana yi min wani kallo kamar na ce masa zan fara tallan goro a tasha. Ya ce shi bai ga yadda za a yi matar da zai aura ta riƙa yawo ƙauye-ƙauye tana kwasar tarkacen tsofaffi ba. Me abokan aikinsa za su ce?

Abokan aiki dai! Aikin nasa fa rubuta kati ne a wani asibitin kuɗi a Birnin Kudu. Amma tunda mutanen ƙauyenmu suka fara ce masa Likita, bai taɓa gyara wa kowa ba. Har farar riga ya ɗinka.

Kuma ina sonsa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan a duk labarin.

Ni Ummussalma, kakata Inna Turai ce ta raine ni tun rasuwar iyayena. Na gama difloma na dawo gida na zauna shekara guda ba aiki, sai shara da wanke-wanke. Wata ƙawata ce ta nuna min shafin gwanjo a intanet. Mutum zai ɗauki hoton kayansa ya ɗora, ya faɗi kuɗin da za a fara tayi da shi, da kwanakin da za a yi ana tayawa. Lokaci na cika, wanda ya fi kowa tayi shi ne mai kaya. Kuɗinsa yana hannun masu shafin har sai kaya sun isa gare shi.

Da tsohon dutsen guga na gawayi na fara, wanda kaji suke kwana a kansa a bayan rumbu. Wata mata a Abuja ta saye shi, wai za ta yi ado da shi a falo. Na yi dariya har da hawaye. Daga nan na shiga bin gidaje a Gwaram da Sara ina sayen tasoshin da, da fitilun ƙwai, da sassaƙaƙƙun ƙorai. Na sha wuya kafin na gane kan abin. Na koyi ɗaukar hoto da hantsi, na koyi faɗin aibin kaya kafin mai saye ya gani da kansa. Na kuma koyi abu mafi muhimmanci: akwai gurbin da ake rubuta mafi ƙarancin abin da za a sallama kaya a kai. Wanda ya bar gurbin nan babu komai, to ya sallama tun kafin a taya.

Duk wannan lokacin Abdulnasir bai taɓa tambayata ko da wane suna nake ciniki a shafin ba. In na fara ba shi labari sai ya yi hamma.

Ranar da ya zo ya tarar na yi wa ɗakin Inna sabon rufin kwano da ribar cinikina, a ranar hammar ta ɗauke. Ya tsaya yana kallon rufin ya fi minti biyar. Sati bai zagayo ba ya sanar da ni cewa shi ma ya buɗe nasa shagon a shafin, har ya sa masa suna Likita Mai Kaya. Na ce ya zo in nuna masa yadda ake yi.

"Ke za ki koya min?" Ya yi murmushi. "Haba Salmata. Abin da kika iya da diflomarki, ni ai karantawa kawai zan yi."

Na ce Allah ya ba da sa'a. Kowa ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Lokacin saura wata ɗaya bikinmu. Inna tana da wasu mundaye biyu na azurfa da ta gada daga uwarta, tun zamanin da danginmu suke bin shanu. Masu nauyi ne, in an ɗora wa mutum a tafin hannu sai ya ji hannun ya yi ƙasa. Ɗaya ta tsage, Inna ta naɗe wurin da jan zare. Kullum maganarta ita ce da su za a kai ni ɗakin miji. Idonta ya yi rauni, ƙafa ma ta ƙi, don haka ta kira Abdulnasir ta damƙa masa su a ƙulle cikin tsumma, ta ce ya kai wa maƙerin farfaru a Birnin Kudu ya liƙe tsagar. Ya karɓa da hannu biyu, har da durƙuso. Inna tana ta sa masa albarka, don ita a wurinta babu yaro kamar Nasiru.

Kwana huɗu bayan haka ina tashar Gwaram da safe, na kawo saƙon da za a tafi da shi Kano. Ina jiran direba na buɗe shafin ina duba abin da ya shigo. Sai ga jan zaren Inna.

Na ƙara girman hoton. Su ne. Ya ɗora su a kan teburin katinsa, hoton ma a karkace. A ƙasa ya rubuta: tsofaffin mundayen ƙauye. Kuɗin farawa bai kai na kwanon gero ba, gurbin nan kuwa ya bar shi fayau. Kwana uku ya sa.

Na san abin da ya shiga kansa, don na san inda ya taso. Babansa dillalin tumaki ne a kasuwar Sara. A can mutum yakan ja ragonsa ya kai ba don zai sayar ba, don kawai ya ji tayi. A taya, ya ce albarka, ya ja abinsa ya koma gida ya san darajar abin da yake ɗaure a turke. Likita ya ɗauka intanet ma kasuwar Sara ce.

Na so in kira shi a take. Har na nemo lambar, sai na fasa. Zuciyata ta ce bari ki ga ko shi da kansa zai tuna amanar wa ya ɗauka, ya sauke kafin lokaci ya cika. Kwana ukun nan ban ci abincin kirki ba. Kullum da yamma sai ya kira ni, hasken idona, sanyin zuciyata, amma ko sau ɗaya bai ambaci mundaye ba. Da na tambaya sai ya ce maƙerin aiki ya yi masa yawa.

Masu sanin azurfa kuwa sun gani. Tayi ya yi ta hawa. Ranar ƙarshe da azahar, saura minti biyu a rufe, na kwashe duk abin da na tara don kayan ɗakina na zuba. Agogo ya tsaya a kaina.

Ba a jima ba saƙonsa ya shigo wa mai saye, wato ni, bai sani ba. Kalma huɗu ya rubuta: Albarka, ban sallama ba. Wallahi da ba don baƙin cikin da nake ciki ba da na yi dariya. Ban amsa ba. Masu shafin ne suka amsa masa da ƙa'idarsu: ko ya aika kaya cikin kwana biyu, ko a rufe masa shago.

Shagon da ko cokali bai taɓa sayarwa ba! A rufe mana, me aka yi asara? Na ɗaga hannu na roƙi Allah ya sa ya ƙi aikawa. Da ya ƙi, da kuɗina sun dawo, da mundaye sun koma hannun Inna, da na binne maganar har abada na aure shi a haka, da wautarsa da komai. Abin da nake nema a wurinsa bai wuce wannan ba.

Washegari ya rubuto yana tambayar inda zai aika.

Na ba shi lambar ƙawata da sunan Ɗanbala, direban da yake ɗaukar min kaya. Da la'asar Ɗanbala ya miƙo min ƙunshi a tashar Gwaram. Ko tsumman Inna bai canza ba. Na zauna a benci na rungume shi, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo, ya sha shadda, yana ƙamshi. Ya durƙusa gaban Inna ya fito da wasu mundaye sababbi fil, suna walƙiya kamar murfin tukunya, irin na wankin azurfa da ake zubawa a faranti a kasuwa. Ya ce maƙeri ya liƙe, ya goge, sun dawo kamar yau aka ƙera su. Ko muryarsa ba ta yi rawa ba.

Inna ta karɓa. Ta ɗora su a tafin hannunta, ta ɗan jijjiga. Sannan ta ce Allah ya yi masa albarka, ya kyauta, ta tura su ƙarƙashin matashi.

Na raka shi zaure. Ya zauna yana fara'a, ya ce yana da albishir, ya samo abin da zai ƙara a hidimar biki.

"A ina?" na ce.

"Harkar shafin nan mana. Ba na gaya miki ba? Cinikin farko kawai..."

"Me ka sayar?"

"Wasu 'yan tarkace ne."

Na buɗe mayafina na ajiye ƙunshin a tsakaninmu, na kwance. Jan zaren yana nan inda yake. Na ga fuskarsa ta sauka a hankali, makullin babur ya faɗi ƙasa.

"Salma... ke ce?"

"Ni ce."

"Wallahi tayi kawai na so in ji. Ban san ba a fasawa ba."

"Wannan na yarda. Jahilci ne, kuma ana yafe shi. Da aka ce ka aika ko a rufe shago fa?"

Sai ya ce kuɗin ne ya gani da yawa, ya ga ai duk a kaina za su ƙare. Ya ce Inna ba ta gani sosai, ba za ta taɓa ganewa ba, to wa aka cuta? Ya ce in duba girman soyayyarmu, in duba saura kwana nawa, in duba abin da mutane za su ce. Har da cewa tunda kayan sun dawo gida, ai magana ta ƙare.

Na tsaya ina kallonsa. Shekara uku ina ganin mutumin nan dogo, ranar na ga ashe ko kafaɗar Inna bai kai ba.

"Tashi ka tafi, Abdulnasir."

"Rabin raina, ki saurare ni..."

"Matar da ta ba ka amana da hannu biyu ka durƙusa gabanta ka yi mata ƙarya saboda makauniya ce. Ni ranar da nawa idon ya yi rauni, me za ka miƙo min?"

Ya sunkuya ya ɗauki makullinsa, ya fita. Sai da ya buga babur ɗin sau huɗu kafin ya tashi.

Na koma ɗaki na durƙusa, na ɗora wa Inna mundayenta a cinya. Ta lalubo su. Tana jin nauyinsu ta rufe ido, yatsanta ya bi zaren har inda ya ƙulle. Na fara yi mata bayani, ta ɗaga min hannu.

"Na sani, 'yar nan. Tun da ya ɗora min waɗancan a hannu na sani. Shekara sittin ina ɗauke da abu, a ce ban san nauyinsa ba?"

"To me ya sa kika sa masa albarka, Inna?"

"Na ga kina sonsa." Muryarta ta karye. "Na ce munduwa ce, ƙarfe ne. In yi shiru ki samu ɗaki kafin in mutu."

Nan na kifa kaina a cinyarta. Ita ta yarda ta rasa gadon uwarta don kada in rasa shi, shi kuwa bai iya rasa shagon da babu komai a ciki ba don ita. Muka yi ta kuka mu biyu, tana shafa kaina.

Da ta share hawayenta sai ta ce in aika a kira mata Kawu Yunusa, a haɗa wa mutanen Sara, dangin Abdulnasir, kayan sa ranarsu tun kafin rana ta faɗi. Ni na shirya akwatin da hannuna. Ina ninke atamfofin ina jin sonsa yana nan daram a ƙirjina, bai ragu ko kaɗan ba. Haka na rufe akwatin na miƙa wa Kawu.