'Yan Gida

Bukari ɗan Damagaram ne. Ya gama karatun injiniya a Villeurbanne, kusa da Lyon a Faransa, aiki ya ƙi samuwa, sai ya faɗa cacar ƙwallo a waya. Tasa ba irin ta wa zai ci wasa ba ce, ta ƙananan abubuwa ce: wa zai fara shan jan kati, wa za a fara cirewa daga fili, 'yan gida ko baƙi. Ko ƙungiya ta sha kashi, in ɗan abin da ka canka ya faru, ka ci. Shi dai bai taɓa cankar daidai ba, ga shi da zuciya mai gaggawa.

Wata Asabar ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, wurin boka Daouda, a saman wani shagon atamfa a unguwar Château Rouge. Ɗakin ba taga, sai ƙarnin jini da hayaƙi. A tsakiya ga ƙwarya cike da baƙin ruwa, kewaye da ƙahonni naɗe da jan ƙyalle. Boka ya sa shi ya tofa yawu a ciki, ruwan ya motsa shi kaɗai.

"Za ka ci kowace caca," in ji boka. "Amma kullum a kan 'yan gida za ka sa."

"Shi ke nan, Malam? Ba yanka, ba komi?"

"Kai ka ce ba komi. Ka ba da 'yan gida?"

"Domicile, ƙungiyar gida kawai? Na bayar mana!"

Boka ya yi murmushi, bai gyara masa ba.

Arziki ya zo a guje, har da mota da sabon gida a Lyon. Ya sa 'yan gida za su sha jan kati, ya ci. A makon aka kori ƙanensa Abdul'aziz daga ƙasar. Ya sa ɗan gida za a fara cirewa, ya ci; aka bugo daga Damagaram, mahaifiyarsa ta faɗi ta cika. Bawan Allah ya yi kukansa, ya koma waya. Ranar da ya sa ɗan wasa zai ci gida, matarsa Balkisa ta cinna wa ɗakinsu wuta tana dariya, ba ta ƙara gane kowa ba.

Sai a asibitin da aka kai ta ya gane waɗanne 'yan gida ya bayar. Ga shi ya riga ya sa wata cacar: ranar Lahadi za a cire ɗan gida kafin hutun rabin lokaci. Wadda ta rage masa ita ce 'yarsa Raihana.

Ya kira boka. "Malam, na janye, wallahi na janye!"

"A wayarka ana janyewa. A wurinmu ba a yi."

Ranar Lahadi ya rungume Raihana a gaban talabijin, yana roƙon Allah ya sa ya faɗi cacar nan. Ana dab da hutu, wani ɗan gida ya zauna a ciyawa, ya ɗaga hannu a cire shi. Kan Raihana ya yi nauyi a ƙirjinsa. Ya kira sunanta, ya girgiza ta, ashe rai ya yi halinsa.

Yanzu yana yawo a bakin kogin Rhône ba takalmi, yana tambayar mutane ko an tashi wasa. Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya karɓar abin da za ka iya sake saya.