'Yar Haya a Gidanta

Ranar Asabar da hantsi, Mama Eunice tana zaune a tsakar gidanta da ke Kakuri tana tsince acca, sai ga ɗanta Tony ya shigo yana zuba ƙamshi kamar wanda ya yi wanka da turare. A bayansa Jemimah ce, yarinyar da zai aura a watan Kirsimeti, sai wata doguwar mata mai tabarau riƙe da tef ɗin awo.

A shekarar nan ne soja suka koma bariki, Tony kuwa ya tashi daga malamin firamare ya zama mai riƙe wa sabon ciyaman jaka. Tun daga nan ƙafarsa ta daina taka ƙasa. Gidan da mahaifinsa, marigayi Baba Ayuba, ya gina da gumin masaƙa ya koma masa tamkar akurki, shi ya sa ya ɗauko doguwar matar nan, Madam Diana, mai sana'ar tsara cikin gida, wadda ta gyara wa ciyaman falonsa.

Bai tsaya gabatar da kowa ba, ya ja baƙuwar zuwa falo. Jemimah ce ta durƙusa ta gaida Mama, Mama ta tura ta kicin ta zubo wa baƙuwa kunu.

"A cire silin ɗin nan, a shimfiɗa tayil," in ji Diana tana awo. "Amma Oga Tony, falon ya yi ƙanƙanta in manyan mutane za su riƙa zuwa." Ta leƙa ta taga. "Ɗakin can na jikin bango fa? Waɗancan ai tukwanen burkutu ne, na wane ne?"

Tukwane ne manya, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin. Mama ta daɗe da barin sana'ar, amma duk Kakuri an san a cikinsu aka dafa karatun Tony tun bayan rasuwar ubansa. Tony ya tuna Diana tana shiga gidan ciyaman, ya hango 'yan ofis suna kiransa ɗan mai burkutu. Bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Na tsohuwar can ne — 'yar haya ce. Mun gaje ta tun zamanin babana."

"To ai abin ya zo da sauƙi. A fasa bangon, ɗakin ya zama wurin cin abinci. Sai dai ƙa'idata ce, ba na sa guduma a bango sai na yi magana da mai kwana a bayansa."

Kafin ya tare ta, har ta kai tsakar gida.

"Mama, ki yi haƙuri, Oga ya ce haya kike yi a nan. Aikin zai ci ɗakinki. Yaushe kike ganin za ki samu wani wurin?"

Hannun Mama ya tsaya a cikin faifai. Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta da ke tsaye a bakin ƙofa, gumi yana tsattsafo masa. Sai ta yi ɗan murmushi.

"Duk ranar da mai gida ya ce, 'yata. Ba zan ba shi wahala ba."

Jemimah tana tsaye da tire a hannu, ta ji komai. Ta ajiye shi a hankali, hawaye suna zuba.

"Madam, wannan da kike gani ita ta haifi Tony. Gidan mijinta ne."

Kunya ta rufe Diana. Ta durƙusa har ƙasa ta ba Mama haƙuri, ta naɗe tef ɗinta, ta fita ba ta ko kalli Tony ba. Jemimah ta zare zoben alkawari ta sa a cikin faifan acca.

"Mama, ki ajiye min. Wanda ya mai da uwarsa 'yar haya, ni ranar da na tsufa me zan zama a gidansa?"

"Jemimah, ki saurare ni, suɓutar baki ce —"

"Ba ni za ka gaya wa ba, Tony."

Da Mama ta zage shi, da ya samu sauƙi.  Amma sai ta ci gaba da tuƙa masa tuwon acca, tana ajiye masa ruwan wanka. Ko inuwar tukwanen nan ya gani sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ranar Laraba ya dawo daga ofis ya tarar da ita tana cusa zannuwanta a buhun Gana, wai za ta koma Zonkwa wurin ƙaninta.

"Mama, don Allah kada ki tafi." Ya zube a gabanta yana kuka kamar yaron goye.

"Tashi, Tony. Ni ban riƙe ka ba. Ni ma kunyar sana'ar nan na ji maka, shi ya sa har ka gama makaranta ban taɓa leƙa ka ba, don kada abokanka su ji warin tsami a jikina. Ashe ni na koya maka ɓoye ni."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Ya kwance buhun da hannunsa, ya mai da kowane zane mazauninsa. Da ya je wurin Jemimah, magana ɗaya ta yi masa: a gaban baƙuwa ya ƙi uwarsa, to a gabanta zai karɓe ta.

Asabar ta zagayo, ya je da kansa ya roƙi Diana ta dawo. A tsakar gida, maƙwabta suna leƙe ta katanga, ya kama hannun Mama.

"Madam, ƙarya na yi miki. Wannan mahaifiyata ce. Waɗannan tukwanen su suka kai ni makaranta. A yi tayil, a yi silin, amma ɗakin nan da su, kada a taɓa."

Mama ta kwance bakin zanenta, ta fito da zoben ta miƙa wa Jemimah. Ta kuma ce a wanke tukwanen, a cikinsu za a dama kunun biki, ciyaman ma ya sha in ya zo.

Haka abin yake. Ɗan da ya ji kunyar uwarsa, kansa ya tozarta, kuma duk fentin duniya ba ya rufe wannan tabon. Haƙurin uwa ne ya dawo da Tony hanya, gaskiyar Jemimah ta riƙe shi a kai.

Diana ta buɗe jakarta ta fito da samfurin fenti kala-kala.

"To Oga Tony, wanne za a shafa wa falon?"

Tony ya sunkuyar da kai, ya matsa gefe.

"Tambayi mai gida, Madam. Ga ta nan zaune."