Murjanin Hajiya Larai

Ranar da Ashafa ya fara ganin Husaina, tana zaune a soron gidansu da ke Soron Ɗinki tana zura murjani a zare. Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, kowa na ta murna, ban da shi. Bai daɗe da dawowa daga Tunis ba, inda ya karanci halittun teku, ya kuma zo da wasiƙar dangi zuwa ga mahaifinta, Alhaji Musa mai murjani.

"Malama, kin san abin nan da rai gare shi?"

Ta ɗago ta dube shi. "Dutse ne fa, Malam."

"Dabba ce. A ƙarƙashin ruwa take yin rassa, kuma sai ta shekara ba ta ƙara faɗin farce ba. Ƙananan halittu a jikinta suke fakewa. Aikina ke nan, gano halittun da in suka ƙare sauran ma su watse, don a san wadda za a fara karewa."

Ya taɓa nitsewa a inda aka ja ƙarfe aka kankare murjanin, ya tarar da wurin fayau kamar an share. Tun daga ranar, in ji shi, abinci ma cusawa kawai yake.

Samarin unguwa da turare suke zuwa zance, shi kuwa bawan Allah da hotunan ƙasan ruwa. Duk da haka shi ta so, ta raɗa masa Malam Teku.

Shekara biyu ana haka, sai maganar lefe ta taso. A gidan Alhaji Musa, tun kakanninsu da suka zo daga Arewacin Afirka, ba a karɓar lefe sai da sabon murjani a ciki. Ashafa ya ce komai zai saka, ban da wannan.

"Rowa ce ya lulluɓe da boko," in ji Alhaji. "Kada in sake ganinsa a ƙofar gidana."

Kafin sati ya zagayo, Ɗanladi ɗan abokin kasuwancinsa ya aiko da murjani igiya uku sabbi ful, yana neman auren Husaina.

Husaina ba ta yi kuka ba. Tana shara, tana girki, tana zura murjani, in an yi mata magana ta amsa. Lokacin wayar salula ta shigo gari, sai saƙonsa ya shigo ta wayar yayanta:

"Husnata, in na sayi sabo za a aika a yanko wani. Ba zan iya ba. Rabuwa da ke ma ba zan iya ba. Na rasa yadda zan yi."

Ta mayar masa: "Malam Teku, ban yi fushi ba. Ba na jin komai ma. An ce bayan Sallah za a sa rana da Ɗanladi."

Kakarta Hajiya Larai, mahaifiyar Alhaji, ta gan ta ta zuba wa waya ido, ta ce ta karanta mata. Da tsohuwa ta ji, sai ta ce:

"Ke 'yar nan, da gaske rai gare shi?"

"Haka ya ce, Hajiya. Na ga hotunan."

Tsohuwa ta aika aka kira ɗanta. A gabansa ta sa hannu ta kwance igiyar murjanin wuyanta, wadda ta yi duhu don tsufa.

"Musa, wannan bisa raƙumi kakarka ta zo da shi. Abin da aka ce shi ne murjani a lefe. Sabo kuwa, ku 'yan kasuwa kuka ƙara. A kai wa gwaggonnin yaron nan su saka a akwati. Wannan ya riga ya mutu, ba sai an kashe wani ba."

Alhaji ya karɓi igiyar. "To, Hajiya."

An ɗaura auren Husaina da Ashafa ranar Asabar da hantsi. Da la'asar aka kai amarya ɗakin kakarta ta yi sallama, igiyar na wuyanta. Sai ta ga wuyan tsohuwa fayau, da shatin zaren da ya kwanta a fatar shekara sittin. Nan kuka ya ƙwace mata, irin wanda ta yi wata uku ba ta yi ba.

Hajiya ta dafa kanta. "Yi abinki, 'yar nan. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku ga jikokinku. Tashi, mijinki na jira."